Waliyyi Yohanna na 23: Ɗan Manomin da Ciwon Daji Bai Raba Shi da Aikinsa Ba

A wannan fitowa mun ɗauko muku tarihin Waliyyi Yohanna na 23, Paparoman da ya kira Babban Taron Batikan na Biyu, wanda ya rasu a Roma a shekarar 1963. Dattawanmu da suka yi wayo kafin ƙasar nan ta sami 'yancin kai za su iya tuna hotonsa: tsoho ne kakkaura, mai faɗin kunnuwa, da fuska a sake irin ta kakan da jikoki suka saba hawa cinyarsa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, manyan ayyukan da duniya ta fi tunawa da shi saboda su, ya yi su ne a cikin wata takwas na ƙarshen ransa, yana ɗauke da ciwon daji a tumbi, wanda likitoci suka riga suka ga ba zai yanku ba.

Dalilin da ya sa muka zaɓe shi ba ɓoyayye ba ne. A gidajenmu da dama akwai mai jinya irin wannan, ko da yake ba a cika kiran sunan ciwon da ƙarfi ba. Daga ƙasar Gobir, wajen Sabon Birni da Isa, kafin a kai mara lafiya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, sau da yawa an riga an yi wata da watanni ana shan jiƙo da saiwoyi, an sayar da akuya da buhun gero, ga kuma hanyar da 'yan bindiga suka mayar abin tsoro tun wajen 2019. In an isa, likita ya duba ya ce an makara, sai a komo gida da tambayar da babu kwalbar maganin da ke amsa ta, wato yadda za a yi da kwanakin da suka rage. Wannan tsoho na Roma ya sha wannan tambaya, ya kuma amsa ta a gaban idon duniya.

An haifi Angelo Giuseppe Roncalli ranar 25 ga Nuwamba, 1881, a wani ƙauye da ake kira Sotto il Monte, kusa da birnin Bergamo a arewacin Italiya. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya 13, kuma namiji na fari. Iyayensa, Giovanni Battista da Marianna, manoma ne da ba su mallaki gonar da suke nomawa ba; in kaka ta yi, sai a raba amfani biyu, rabi na mai ƙasa. Gidan nasu babban gida ne irin na gandu, kakanni da baffanni da 'ya'yansu duk a tukunya ɗaya, abincin yau da gobe kuwa wani tuwon masara ne da mutanen can suke ci. Mai karatunmu na karkara ba ya bukatar a yi masa bayanin irin wannan gida. An yi wa yaron baftisma a ranar da aka haife shi, ɗan'uwan kakansa, Zaverio, shi ya tsaya masa, shi ne kuma ya koya masa addu'o'insa na farko.

Ya shiga makarantar horar da firistoci ta Bergamo a 1892 yana wajen shekara 11. Da ya kai 14 ya fara rubuta abin da ke zuciyarsa a ɗan littafi, yana yi wa kansa hisabi, bai kuwa bar wannan al'ada ba har tsufansa. Daga waɗannan rubuce-rubuce, da aka buga bayan rasuwarsa, aka san yawancin abin da muke faɗa a nan game da halinsa na ciki. An keɓe shi firist a Roma ranar 10 ga Agusta, 1904. Shekara ta gaba sabon Bishop na Bergamo, Giacomo Radini-Tedeschi, ya ɗauke shi magatakarda, suka zauna tare shekara tara kamar uba da ɗa.

A nan ya fara haɗuwa da ciwon da zai zama ajalinsa. Bishop ɗin ya kamu da ciwon daji, ya rasu ranar 22 ga Agusta, 1914, kuma matashin magatakardan ne ya ɗauki nauyin gaya masa gaskiya cewa lokaci ya yi, domin ya shirya. Mu riƙe wannan a zuci, gama za mu sake gamuwa da shi bayan shekara kusan 49.

Sauran tafiyarsa za mu bi ta a gurguje. A Yaƙin Duniya na Farko ya yi aiki a asibitocin soja, da farko a matsayin saje mai kula da raunanannu, daga baya firist na sojoji. A 1925 aka keɓe shi bishop aka tura shi Bulgeriya, ya ɗauki biyayya da salama su zama takensa. Ya yi kusan shekara goma a can, cikin ƙasar da Katolika ba su taka kara sun karya ba, yana bin ƙauyuka a kan doki da keken shanu. Daga 1935 zuwa 1944 yana Istanbul, wakilin Paparoma a Turkiyya da Girka. Mu da muke zaune 'yan kaɗan a tsakiyar maƙwabtanmu Musulmi, wannan zango nasa ya fi kusa da mu: ya yi ƙoƙarin koyon Turkanci, ya sa a riƙa yin wasu addu'o'i da harshen ƙasar, da gwamnati ta hana malaman addini yawo da rigunansu a titi kuwa, ya sa kwat kamar kowa bai yi gunaguni ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi amfani da ofishinsa ya taimaki Yahudawa masu yawa su kuɓuta daga hannun 'yan Nazi. A ƙarshen 1944 aka mai da shi jakadan Paparoma a Faransa, a 1953 kuma ya zama Kadinal da Babban Bishop na Benis.

A Benis ciwon ya sake ƙwanƙwasa masa ƙofa, wannan karon a cikin gidansu. 'Yan'uwansa mata biyu, Ancilla da Maria, waɗanda ba su yi aure ba, suka kuma yi shekaru suna kula masa da gida, ciwon daji na tumbi ne ya ɗauke su, ta farko a Nuwamban 1953, ta biyu a 1955. Ya rubuta wa Ancilla cewa zai zo ya gan ta a makon, amma ta riga shi. Jana'izarta ya tarar. Saboda haka ba baƙon wannan ciwo ba ne. Ya san yadda yake farawa da ƙin abinci, ya san ramar, ya san inda yake ƙarewa.

Ranar 28 ga Oktoba, 1958, aka zaɓe shi Paparoma yana da shekara 76. Da yawa cikin masu zaɓen sun ɗauka tsoho suka samu wanda zai riƙe kujera na ɗan lokaci ba tare da ya motsa kome ba. A Kirsimeti ta farko ya fita ya gai da yara marasa lafiya a asibiti, kashegari ya shiga kurkukun Regina Coeli ya gai da fursunoni, har ya ba su labarin wani danginsa da aka taɓa ɗaurewa saboda farauta ba izini. Ranar 25 ga Janairu, 1959, bai cika wata uku a kan mulki ba, ya sanar da cewa zai tara bishop-bishop na duniya duka. Mu ma a nan mun ga hannunsa: a zamaninsa Kaduna ta zama babbar dayosis a 1959, a 1960 ya naɗa Laurean Rugambwa na Tanganyika, baƙar fata na farko daga Afirka da ya zama Kadinal a zamanin nan, a 1961 kuma Yamai, babban birnin maƙwabtanmu na Nijar, ta zama dayosis.

Ana tsakiyar shirin taron ne ciwo ya bayyana. Cikin shekarar 1962 ya riƙa jin zafi a ciki, jini kuma yana zuba a hankali. Ranar 23 ga Satumba aka ɗauki hoton cikinsa, likitoci suka ga ƙari a tumbi. Shekarunsa sun kusa 81, suka auna suka ga tiyata ba za ta yi amfani ba. Ba a sanar da jama'a ba. Fadar Batikan ta yi ta lulluɓe zancen da kalmomin likitanci kusan har zuwa ƙarshe. Wannan ɓoyo ba mu ga abin yabo a cikinsa ba, ko da yake al'adar zamanin ce, kuma mun san irinsa a gidajenmu, inda dangi duka suka san abin da likita ya ce, mai ciwon kaɗai ake yi wa rufa-rufa ana ce masa gyambon ciki ne. Shi dai wanda ya yi jinyar ubangidansa ya kuma binne 'yan'uwansa biyu, ba a iya rufe masa ido. Jiki magayi.

Bari mu ɗan ratse domin amfanin mai karatu. Ciwon daji na tumbi ba sammu ba ne, ba jifa ba ne, ba a kuma ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya da mai shi. Ƙwayoyin halittar jikin mutum ne da kansu suke ɓaci, su yi ta hayayyafa ba tsari har su zama ƙari. Mugun halinsa shi ne yakan daɗe bai nuna kansa ba, in ya nuna kuma sai ya yi kama da gyambon ciki. Alamun da bai kamata a zauna da su a gida ba su ne rama ba dalili, saurin ƙoshi bayan loma kaɗan, amai mai nacewa, baƙin bayan gida kamar kwalta, da ƙarancin jini. A 1982, shekara 19 bayan rasuwar Paparoma Yohanna, likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta mai zama a tumbi, wadda ake kira Helicobacter pylori; ita ce ke haddasa yawancin gyambon ciki, tana kuma cikin manyan abubuwan da ke share wa ciwon daji na tumbi hanya. Ana gwada ta, ana kuma kashe ta da magani. Yawan gishiri da shan taba suna ƙara haɗari, haka nan in ciwon ya taɓa kama na kusa a dangi, kamar yadda ya faru a gidan Roncalli.

To, me ya yi da ya ji abin da ke jikinsa? Ranar 4 ga Oktoba ya shiga jirgin ƙasa daga tashar Batikan ya tafi Loreto da Assisi domin ya roƙa wa taron albarka. Tun kafin 1870 babu Paparoman da ya yi tafiya irin wannan. Jama'a suka cika tashoshi, shi kuwa yana tsaye a taga yana ɗaga musu hannu. Bayan mako guda, ranar 11 ga Oktoba, ya buɗe taron a Majami'ar Waliyyi Bitrus a gaban bishop-bishop fiye da 2,000. A jawabinsa ya nuna ƙarara cewa bai yarda da masu duban zamani su ga lalacewa kaɗai ba, waɗanda kullum annabcin masifa suke yi kamar ƙarshen duniya ya zo; ya kuma ce Ikkilisiya ta fi son ta yi magani da jinƙai a kan ta yi da tsanani. Mu tuna wanda yake wannan magana: mutum ne da, in akwai mai hujjar ganin baƙi a ranar, shi ne. Da dare jama'a suka cika filin da fitilu a hannu. Ya gaji, bai yi niyyar fitowa ba, amma ya leƙo ta taga ya yi musu magana ba takarda, ya nuna musu farin wata, ya sallame su da cewa in sun koma gida su shafa kan 'ya'yansu a madadinsa, su kuma ta'azantar da duk wanda suka tarar yana cikin hawaye.

Mako biyu bayan haka duniya ta kai bakin rami, sa'ad da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka ja daga a kan makamai masu linzami da aka girke a Kyuba. Ranar 25 ga Oktoba ya yi magana ta Rediyon Batikan, ya roƙi shugabanni kada su toshe kunne ga kukan talakawan duniya, su ci gaba da tattaunawa. Ba mu ce shi ya kashe wutar ba, amma jaridar gwamnatin Sobiyet ta buga saƙon, abin da ba a saba gani ba. Daga wannan mako ne ya ƙudura zai rubuta wasiƙa a kan salama tun yana da sauran numfashi.

Abin da ya fi jan hankalinmu a watannin nan shi ne yadda kwanakinsa suka ci gaba da tafiya a kan tsarinsu. Yakan tashi tun kafin asuba, kamar yadda ɗan manomi ya saba, ya yi addu'o'in sa'o'i na firistoci, ya yi Misa, ya karanta takardu, ya karɓi baƙi. Kowace rana yakan ja Rosari cikakke, asirai 15, yana sa mutane a ciki, har da jariran da aka haifa a duniya a wannan yini. In ƙarfi ya samu ya zaga lambu. Bai zauna a zauren taron ba, domin bishop-bishop su saki jiki su yi magana, amma yana kallon muhawarar ta talabijin daga ɗakinsa, kuma ba kallon banza ba: a watan Nuwamba, da aka cije a kan daftarin da ya shafi Wahayin Allah, masu son a janye shi suka yi rinjaye amma ba su kai kashi biyu cikin uku da doka ta nema ba, shi ya sa baki ya ce a janye a sake rubutawa. Barkwancinsa ma bai tafi ba. Shi ne aka ce an tambaye shi mutum nawa ke aiki a Batikan, ya amsa cewa wajen rabinsu. Da likitansa ya nuna damuwa kuwa, sai majinyacin ya koma lallashin likita, yana ce masa kada ya damu, kayansa a ɗaure suke, duk lokacin da aka kira shi a shirye yake.

Kada wani ya ɗauka zafin bai taɓa shi ba. A ƙarshen Nuwamba jini ya ɓalle masa sosai, aka kwantar da shi. Da ya fito ya rufe zaman farko na taron ranar 8 ga Disamba, bishop-bishop suka ga yadda fuskarsa ta koɗe, da yawa suka gane ba za su sake ganinsa ba. Abinci ya ragu, dare ya yi tsawo, tufafinsa suka yi masa yawa. Kyakkyawan zaton da yake da shi ba na mai cewa gobe zan warke ba ne. Ya san ba zai ga ƙarshen taron da ya kira ba, ya kuma faɗa wa na kusa da shi. Duk da haka ya kafa kwamitin da zai riƙe aikin kafin zama na biyu, ranar 6 ga Janairu, 1963, kuma ya rubuta wa kowane bishop a duniya yana tuna masa cewa taron bai tashi ba, a ci gaba da nazari a gida. Manomin da ya dasa mangwaro yana da furfura ya san wannan hali.

Ba kuwa kowa ne ya tausaya masa don yana ciwo ba. A Fabrairun 1963 gwamnatin Sobiyet ta saki Babban Bishop Josyf Slipyj na Yukren bayan shekara kusan 18 a tsare, Paparoma ya rungume shi a Roma. Ranar 7 ga Maris ya karɓi 'yar shugaban Sobiyet Nikita Khrushchev, mai suna Rada, tare da mijinta Alexei Adzhubei, ya tambaye ta sunayen 'ya'yanta, ya ba ta kyautar Rosari. Wasu manya a fadarsa suka ga wannan sakaci ne, da jam'iyyar Kwaminis ta ƙara samun ƙuri'u a zaɓen Italiya na ƙarshen Afrilu kuwa, wasu jaridu suka ɗora masa laifi. Abin ya yi masa ciwo, amma bai janye ba, bai kuma rama ba. A lokacin Azumin shekarar, ran Lahadi ran Lahadi, ya riƙa fita zuwa majami'un unguwannin talakawa na Roma, alhali hawa mota ma wahala ce gare shi.

Ranar Alhamis Mai Tsarki, 11 ga Afrilu, 1963, wasiƙar ta fito, wadda aka sani da sunanta na Latin, Pacem in Terris, wato salama a duniya. An gaya wa Monsinyo Pietro Pavan, wanda ya taimaka wajen tsara ta, cewa ya yi sauri domin lokaci ya ƙure. Ita ce wasiƙar Paparoma ta farko irinta da aka aika wa dukan mutane masu kyakkyawar niyya, ba Katolika kaɗai ba. Ta yi magana a kan haƙƙin kowane ɗan Adam na rai da abinci da magani da bauta wa Allah bisa lamirinsa, ta yi maraba da shigar mata harkokin jama'a da 'yancin ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka, ta kuma nemi a daina tseren makamai. Ranar 10 ga Mayu aka ba shi lambar yabo ta Balzan saboda aikin salama, kashegari ya je fadar shugaban Italiya, Antonio Segni. Fitarsa ta ƙarshe ke nan daga Batikan. Ranar Idin Hawan Yesu Sama, 23 ga Mayu, ya leƙo ta taga ya sa wa jama'a albarka, daga nan bai sake fitowa ba.

Ya karɓi duk abin da likitocinsa suka kawo, ƙarin jini da allurai, bai ɗauki neman sauƙi a matsayin raunin bangaskiya ba. Muna jaddada wannan domin akwai masu tsammanin Kirista na gari shi ne wanda ya ƙi maganin rage zafi ya cije haƙori. Ba haka Ikkilisiya take koyarwa ba. Tun 1957 Paparoma Piyus na 12 ya bayyana wa likitoci cewa halal ne a ba mai ciwon ajali maganin kashe zafi, ko da zai iya rage kwana, muddin sauƙin ake nufi ba mutuwar ba. A nahiyarmu, wata likita Bakatolika da ta taɓa aikin mishan a Nijeriya, Anne Merriman, ta kafa gidan kula da masu ciwon ajali a Yuganda a 1993, ta kuma nuna cewa ruwan maganin mofin mai araha, wanda ake sha da baki a gida, yana iya mayar wa majinyaci barcinsa da hirarsa. In likita ya ce ba a iya warkarwa, bai ce ba a iya rage zafi ba. Dangi su tambaya, kada kunya ta hana su.

Daren 30 ga Mayu ƙarin ya huda tumbi, cikin ya ruɓe, likitoci suka ce babu sauran dabara. Da safe magatakardansa, Monsinyo Loris Capovilla, ya shiga ya durƙusa a bakin gado. Tun da daɗewa Paparoma ya sa shi ya yi alkawari cewa in ranar ta zo zai yi masa abin da shi ya yi wa Bishop Radini-Tedeschi a 1914. Capovilla ya cika alkawari cikin kuka, sai ga mai mutuwa yana rarrashin mai kawo labari. Ya nemi a kira mai jin ikirarinsa, ya karɓi Jibi Mai Tsarki a matsayin guzuri, ya yi wa waɗanda suka kewaye shi doguwar magana, ya roƙi gafarar duk wanda ya taɓa ɓata wa rai. Ya nuna musu gicciyen da ya sa aka rataye daidai gaban gadonsa domin ya zama abin da zai fara gani in ya farka, ya ce asirin aikinsa duka yana cikin waɗannan hannuwa da suke buɗe ga kowa. Ya miƙa wahalarsa domin taron, da haɗin kan masu bi, da salamar duniya. Da Bishop Van Lierde ya zo shafe shi da mai, sai zuciya ta karye masa har ya rikita tsarin shafewar, Paparoma da kansa ya riƙa tuna masa a hankali.

Daga Sotto il Monte aka kawo ƙannensa, Zaverio da Alfredo da Giuseppe da Assunta, tsofaffin manoma da hannuwa masu kanta, suka zauna a ɗakin. Ya yi kwana uku yana suma yana farfaɗowa, zazzaɓi yana hawa, filin Waliyyi Bitrus kuwa cike da mutane dare da rana, cikinsu har da waɗanda ba Kirista ba. Ya ga ranar Fentikos. Kashegari, Litinin 3 ga Yuni, 1963, Kadinal Luigi Traglia yana yi masa Misa a filin, ana kai wa ga sallamar jama'a, da ƙarfe 7.49 na yamma, ya cika. Yana da shekara 81, ya yi shekara huɗu da wata bakwai a kan kujerar Bitrus. A wasiyyarsa ya gode wa Allah da aka haife shi matalauci zai kuma mutu matalauci. Abin da ya bar wa 'yan'uwansa bai kai a kira shi gado ba.

Wanda ya gaje shi, Paparoma Bulus na 6, ya sake buɗe taron ranar 29 ga Satumba. Ranar 4 ga Disamba, 1963, wata shida bayan jana'izar, aka amince da takardar farko, wadda ta shafi sujada. Ita ce ta buɗe ƙofar yin Misa da harsunan jama'a, shi ya sa yau muke jin ta da Hausa. Ita ce kuma ta bayyana cewa shafewa da mai ba ta wanda yake shure-shuren mutuwa kaɗai ba ce, ta duk mai bi ce da ciwo ko tsufa ya fara sa ransa cikin haɗari, don haka ba sai numfashi ya kusa yankewa ake aika a kira Fada ba. A watan Yunin 1964 Sakkwato ta zama cikakkiyar dayosis, da Edward Lawton na ƙungiyar Dominikan a matsayin bishop na farko. Taron ya tashi ranar 8 ga Disamba, 1965.

Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya sa shi cikin Masu Albarka ranar 3 ga Satumba, 2000, Paparoma Faransis kuma ya ayyana shi waliyyi ranar 27 ga Afrilu, 2014. Capovilla, wanda ya kai masa labarin nan a bakin gado, ya koma Sotto il Monte da zama, aka naɗa shi Kadinal a 2014, ya rasu a 2016 yana da shekara 100. Bisa al'ada, ranar rasuwar waliyyi ake sa idinsa, amma shi an sa nasa ranar 11 ga Oktoba, ranar da ya buɗe taron, kwana 18 bayan an ɗauki hoton cikinsa.